Na gwada Lidraughts wata biyu, ga abin da na gani

Ni dai tun ina sakandare nake buga diraf a majalisar bakin titi, irin allon katakon nan da ake ɗorawa a cinya, kuma ba yabon kai ba a unguwarmu ba kowa ke zama gabana ba. To wani ƙanina ne da ya kamu da chess a Lichess, shafin buga chess a intanet, ya dame ni wai diraf wasan ƴan zaman kashe wando ne, shi ne na ce bari in nemo irin nasa na diraf, sai na faɗa Lidraughts.

Shafin kamar an tsaga kara da Lichess, dama daga jikinsa aka ciro shi, kyauta ne kuma babu tallan da zai faɗo maka tsakiyar wasa, a burauzar waya ma yana buɗewa lafiya lau. Allon mai gida 100 ne, kowa da ƴaƴa 20, akwai kuma na Rasha da na Brazil masu gida 64 da wani Frisian da ake ci har a miƙe, wannan ban ma tsaya ɓata lokaci a kansa ba.

Inda na sha mamaki shi ne wasa da kwamfutar, injin sunansa Scan, matakinsa daga 1 zuwa 8. Na ɗaya da na biyu na yi ta lallasa su har na fara cika baki. A na biyar aka yi min wankin babban bargo. Mu a majalisa in hanyar ci biyu ta samu kai ke zaɓa, amma a dokar duniya dole ka bi wadda ta fi yawan ƴaƴa, kuma da wannan dokar yake yanka mutum, zai miƙo maka ɗa ɗaya ka ci, ya ƙara miƙo biyu kana murna, ashe janye ka yake daga gida, kafin ka ankara ya kwashe huɗu ya shiga sarki. Wallahi sai da na ajiye wayar na sha ruwa.

Stockfish, injin chess ɗin da ƙanina ke karawa da shi, ba haka yake ba, na zauna na kalla, shi a hankali yake matse ka har numfashi ya ƙare. Scan kuwa ɗan tarko ne.

Da gardama ta yi zafi ƙanin nawa ya kawo zancen kwamfutar Deep Blue da ta doke zakaran chess na duniya Kasparov a 1997, ya ce ai diraf ma an gama da shi. Eh, Jonathan Schaeffer da mutanensa masu manhajar diraf ta Chinook a jami'ar Alberta ta Kanada sun tabbatar a 2007 cewa in babu kuskure canjaras ake tashi, amma fa wannan ƙaramin allo ne, kowa da ƴaƴa 12, kuma tun 1989 suke fama. Namu mai gida 100 har yau ba a warware shi ba, daidai da chess ɗin nasa.

Mutane ba su kai na Lichess yawa ba, da tsakar dare sai ka ɗan jira abokin wasa. Ni dai yanzu bayan isha'i ina nan a mataki na biyar, sau ɗaya tak na samu canjaras.