Kayan ɗaukar fodkas a Maradi: wanne ya cancanci kuɗinka?

Matasan da ke son buɗe fodkas (shirin murya da ake ɗorawa a intanet) a Maradi, daga ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo zuwa masu hira kan kasuwanci da tarihin Katsinawa, kusan duk tambayarsu ɗaya ce: wane makirfo za a saya? Ni dai shawarata, ka fara duba ɗakin da za ka zauna. Ga ƙarar kabu-kabu, ga janaretan maƙwabta, ga ɗauke wuta lokacin zafi. Kuma masu sauraronka sun saba da tsabtar muryar rediyon Anfani da shirye-shiryen Studio Kalangou, ba za su jure hayaniya ba.

Mafi sauƙi shi ne wayar hannunka da ɗan makirfon da ake maƙalawa a wuyan riga, irin Boya BY-M1. Igiyarsa mita 6 ce, har kana iya ajiye waya nesa ka ɗauki bidiyo. Amma mutum ɗaya yake yi wa aiki, kuma yana jin komai: motsin shadda mai sitati, kukan akuya a tsakar gida, duk sai sun fito. Jabunsa ma sun yi yawa, arha kuwa ba ta ado. Idan wayarka ba ta da ramin hedfon, sai ka haɗa da adafta.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen makirfon tebur. Iri biyu ne. Kondensa, kamar Blue Yeti, yana da kyan gani kuma muryarsa garau take a ɗakin da aka toshe. Sai dai ka kai shi ɗakin siminti mai rufin kwano ka ji: amsa-kuwwa, fanka, har mai tallar ruwa a bakin titi. Dainamik kuwa, irin Samson Q2U, bakin da ke kusa da shi ya fi saurara. Ka matso da shi kamar faɗin yatsu huɗu daga leɓenka, sai ka ji yawancin hayaniyar ta ja baya. Yana da USB na kwamfuta, yana da XLR, wato mahaɗin igiyar makirfo irin na situdiyo, na ranar da ka girma ka sayi na'urar haɗa murya. Da kuɗina ne, shi zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Mai fita hira, a Babbar Kasuwa ko ƙauyukan Madarunfa, ɗan rikodan hannu Zoom H1n ya fi masa. Batir AAA biyu yake ci, yana ajiya a ƙaramin kati, ba ruwansa da wuta. Ka sa masa hular gashi saboda iskar hunturu.

Idan ku uku ne ko huɗu kuna muhawara, akwai rikoda mai haɗa murya, Zoom PodTrak P4, da ya fito a 2020: yana ɗaukar makirfo huɗu, hedfon huɗu, muryar kowa a layinta, kuma batir AA biyu na tayar da shi. Yana da tsada, shi ya sa na fi so in ga an yi karo-karo an saya, shirye-shirye biyu ko uku suna raba ranaku. Da ma a haka ake samun mai taya gyaran murya.

Kada ka kashe ko dala kan manhajar gyara, Audacity kyauta ce, haka ma ɗora shiri a Spotify for Creators. Ka fitar da shi a MP3 mono 64 kbps, minti 30 zai tsaya wajen mega 14, ya wuce ta WhatsApp da Xender ba tare da cinye datar mutane ba.

Ko a nan gari ka saya ko ka yi saƙo daga kasuwar wayoyi ta Farm Centre a Kano, ka sa a ɗauki murya minti ɗaya a turo maka ka saurara da hedfon kafin ka biya. Ka tambaya kuma ko igiyoyi na cikin kwali, don XLR mai kyau ba kowane shago ake samunsa ba.