Kamara mai ganin zafin jiki ko mai jajayen fitilu, don gadin garke

Alhaji, ka tambaya wacce za ka saya cikin kamarorin nan biyu: tunda gadin dare ne a bakin garke, ɗauki mai ganin zafin jiki ka huta.

Irinta ce kafe kan icce a garkenmu, bayan garin Tahoua. Wani dare cikin hunturu, hazo ya rufe gari, babu wata, na duba hoton kamarar a waya sai ga wani ɗan abu fari tas a bayan shinge, yana motsi kaɗan-kaɗan. Na tada yaro muka fita da tocila. Ashe tunkiya ce ta sulale ta haihu can, ɗan yana kwance yana rawar sanyi, karnuka na kewaye. Da sai da safe mu tarar da ƙashi. Ita kamarar ba haske take nema ba, ɗumin da jiki ke fitarwa take kamawa, shi ya sa duhu bai dame ta ba.

Mai jajayen fitilun kuwa na taɓa saya, kuɗina nake tunawa. Iyakar ganinta inda fitilunta suka kai, ƙura da ƙwari kuma su cika hoton.

Sai dai mai zafin ba za ta nuna maka fuskar ɓarawo ba. Siffa kawai za ka gani, ka san mutum ne ko dabba. Da azahar ɗin bazara kuma, idan yashi ya yi zafi kamar jikin mutum, hoton dushewa yake. Sojojin Amurka ma haɗa ta zafi da ta rana suka yi. Na'urarsu Gorgon Stare, wadda suka fara aiki da ita a Afganistan a 2011, tana ɗauke da kamarorin rana da na zafi tare, don ta sa wa gari guda ido ba dare ba rana. A jikin MQ-9 Reaper ake rataya ta, irin jirgi maras matuƙin da ya zauna Yamai da Agadas kafin su tashi a 2024. In aljihu ya yarda, ƙara ƙaramar kamarar rana a bakin ƙofa.

Ka yi hattara da ƴan kasuwa, don Allah. Wasu mai fitilun za su miƙo maka su rantse ta zafi ce. Dafa tafin hannunka a bango ka ɗauke: ta gaskiya za ta nuna sawun hannun na ɗan lokaci. In ba ta nuna ba, kar ka ciro ko dala.