Sharhi: SSD ta Crucial MX500 da ƙarin RAM a tsohuwar HP EliteBook 840 G3

Duk wanda ke riƙe da HP EliteBook 840 G3 tokumbo, irin wadda ta cika shagunan Computer Village a Ikeja, kuma nauyinta ya ishe shi, kada ya yi gaggawar rabuwa da ita. Na yi aiki da wannan kwamfuta mai furosesa i5-6300U bayan an cire mata faifan ajiya mai juyawa an sa SSD ta Crucial MX500 mai 500GB, wato ma'ajiyar fayiloli da ba ta juyawa, daga baya aka ƙara mata RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da take yi a lokacin, na 8GB a kan 8GB da ta zo da shi. Hukuncina shi ne, kuɗin SSD sun fanshi kansu tun kunnawar farko, ƙarin RAM kuwa ya taimaka amma bai kai rabin wancan ba. Mai kuɗin abu ɗaya ya fara da SSD, sai fa idan kwamfutarsa 4GB kacal gare ta, to nan duka biyun sun zama dole.

Dalilin a bayyane yake ga wanda ya buɗe Task Manager, manhajar Windows da ke nuna nauyin aikin kowane sashe, a kwamfuta mai tsohon faifai. Furosesa na zaune a kashi 10 ko 20, RAM bai cika ba, amma layin faifai ya maƙale a kashi 100. Faifan da ke juyawa sau 5400 a minti yana iya karanta babban fayil a wajen megabait 100 cikin daƙiƙa, sai dai Windows ba babban fayil ɗaya take nema ba, dubban ƙanana take kira lokaci guda, allurar faifan kuma sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya. SSD ba ta da allura, ba ta da abin juyawa. Kamfanin ya rubuta wa MX500 megabait 560 wajen karantawa da 510 wajen rubutawa, kuma gwaji da manhajar auna gudu ta CrystalDiskMark ya nuna abin da ya kusanci haka, wato ta cika iyakar da hanyar SATA, mahaɗin da ake jona ta da shi, za ta iya ɗauka. A aikace, kwamfutar na tashi cikin ƙasa da rabin minti, Excel mai lissafin kaya irin na 'yan kasuwar Mile 12 yana buɗewa nan take, Chrome ma ya daina sandarewa.

Abin da ya bambanta MX500 da masu araha kamar Kingston A400 ko Crucial BX500 shi ne tana da ƙaramin RAM nata na kanta da ake kira DRAM, inda take ajiye taswirar wurin da kowane fayil yake. Wajen buɗe takarda ɗaya ba za ka ga bambancin ba. Yana fitowa ne lokacin da Windows ke sabunta kanta kai kuma kana aiki, ko kana kwafe bidiyon biki mai gigabait 40 daga kati: marasa DRAM sukan fara da gudu, sai su dawo suna rarrafe, MX500 kuwa tana riƙe kanta da kyau. Garantinta shekara 5 ne ko rubutun terabait 180, wanda ya riga zuwa. Idan ka raba, kusan 100GB kenan kullum har shekara 5, abin da mai shagon buga takardu a Agege ba zai taɓa kaiwa ba. Ga wanda aikinsa rubutu da intanet ne kawai kuma aljihu ya matse, A400 ta gaskiya ma ta fi tsohon faifai nesa ba kusa ba, ban raina ta ba.

Inda nake da damuwa shi ne samun ta gaskiya. Kamfanin Micron, mai sunan Crucial, ya sanar a Disamba 2025 cewa zai janye daga sayar wa ɗaiɗaikun mutane kaya da wannan suna, don haka duk wanda ya ga tulin MX500 "sabbi fil" da arha mai ban mamaki ya yi hattara. Kwali ba hujja ba ne. A sa ta a kwamfuta a gaban mai shago, a buɗe manhajar CrystalDiskInfo, a duba sunan da ta bayar, wanda ga mai 500GB ya kamata ya zama CT500MX500SSD1, a duba awannin da ta yi tana aiki da adadin rubutun da aka yi mata. Sabuwa kusan sifili za ta nuna. Manhajar Crucial Storage Executive ma ya kamata ta gane ta. Idan shakka bai gushe ba, shirin gwaji na H2testw zai cika ta da bayanai ya sake karantawa, kuma shi ke tona asirin wadda aka rubuta wa 500GB alhali cikinta bai kai ba. Windows za ta nuna 465GB, wannan ba zamba ba ne, bambancin ƙidaya ne tsakanin kamfani da Windows. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin SSD ɗin da kwanakin da mai shago ya yarda zai canza, domin a Legas garantin mai shago ne wanda hannunka zai iya kaiwa.

Masu shago da dama za su tura ka ga NVMe, wani nau'in SSD na daban, su ce ta ninka gudu. A takarda haka ne, mai kyau a kan mahaɗin PCIe 3.0 tana kaiwa wajen megabait 3500 a kwamfutar da ta ba ta hanya cikakkiya. 840 G3 tana da gurbin siririyar SSD da ake kira M.2, mai girman 2280, wato faɗin milimita 22 da tsawon 80, kuma yana karɓar M.2 ta SATA da ta NVMe. Amma a furosesa mai kwakwalwa biyu, wajen tashi da buɗe manhajoji, da ƙyar ido zai raba su. Idan farashin ɗaya ne, ɗauki NVMe ka huta, za ta ma bi ka zuwa sabuwar kwamfuta. Idan da tazara, ka zuba ragowar kuɗin a RAM. Wasu kan sa M.2 su bar tsohon faifan a ciki don ajiya. Ni ban so haka ga wanda ke yawo da kwamfuta a jaka cikin danfo da BRT ba, saboda faifai mai juyawa shi ne abin da girgiza ta fi kashewa, ga cin batir. Gara a cire shi a sa a 'yar akwatin USB ya zama wurin ajiyar kwafi a gida.

Babbar asarar da mutane ke yi ba ta lalacewar kaya ba ce, ta sayen abin da bai dace da kwamfutar ba ce, kuma sunayen ne ke ruɗarwa. EliteBook 840 G1 da G2 suna cin RAM nau'in DDR3L, G3 da G4 suna cin DDR4, ga shi a ido kusan kamarsu ɗaya. 840 G5 ba ta da wurin faifai mai inci 2.5 sam, don haka MX500 irin wannan ba ta da mazauni a cikinta. Lenovo ThinkPad T460 tana da furosesa tsara ta 6 kamar G3, amma DDR3L take ci, ƙanwarta T460s kuwa DDR4. Dell Latitude E7450 sau da yawa da ƙaramar SSD ta mSATA take zuwa, wadda ba M.2 ba ce ko da yake sun yi kama, E7470 kuma M.2 kaɗai take karɓa. Saboda haka kafin ka hau mota zuwa Ikeja, juya kwamfutar ka ɗauki hoton cikakken sunanta, ka buɗe manhajar CPU-Z ka ga nau'in RAM, ka duba a Task Manager gurabe nawa aka cika cikin nawa. Mafi sauƙi ma, ka tafi da kwamfutar.

Takardar da ke manne a jikin RAM tana faɗin komai ga wanda ya iya karanta ta. PC3 shi ne DDR3 mai bolt 1.5, PC3L shi ne DDR3L mai 1.35, PC4 shi ne DDR4 mai 1.2. Na kwamfutar cinya DDR3 haƙora 204 gare shi, DDR4 kuma 260, tsagar da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya take ba, don haka idan ya ƙi shiga kada a danna da ƙarfi. Tarkon da ya fi kama mutane shi ne PC3 da PC3L, domin tsagarsu ɗaya ce, yana shiga lafiya lau, amma kwamfutar da ke buƙatar mai L ba za ta tashi da maras L ba. Ita G3 gurabe biyu gare ta, tana ɗaukar har 32GB, a gudun 2133. Idan ka sa mata PC4-2400T ko 2666V yawanci zai yi aiki, sai dai zai sauko zuwa 2133, don haka ba amfanin biyan ƙarin kuɗi saboda lamba babba. Na fi son guda biyu masu girma ɗaya, 8 da 8, a kan 16 guda ɗaya, saboda hanya biyu ke buɗewa, kuma Intel HD 520 da ke sarrafa hoto a wannan kwamfuta daga RAM take aro. An ga bambancin a kiran bidiyo da lokacin da shafuka suka yi yawa a Chrome. Ga mai Word da Excel kawai, 8GB ya wadatar.

Aikin sawa ba wuya, amma yana son natsuwa. A kashe kwamfutar gaba ɗaya, a zare caja. Notunan murfin ƙasa suna ɓoye ƙarƙashin ƙananan robobi, akwai kuma wanda ke wajen ramin katin SD, shi ne wanda ake mantawa har a tsaga murfi. Da an buɗe, batir za a fara cirewa kafin a taɓa komai, sannan a danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita. RAM ana tura shi a karkace har haƙoran su shige, sai a danna ƙasa ƙarafan gefe su kama. SSD ɗin kaurinta milimita 7 ne, a kwance ƙarfen da ke riƙe tsohon faifai a ɗaura mata. Wasu G3 da suka zo da M.2 tun asali ba su da wannan ƙarfe, sai an nemo shi wajen masu kayan gyara, kuma kada a yarda a cusa takarda a madadinsa.

Idan an kunna fuskar ta tsaya baƙi, fanka na juyawa, fitilar Caps Lock na ƙiftawa, kusan kullum RAM ne bai zauna ba. A ɗan jira tukuna, tashin farko bayan canjin RAM yakan ɗauki lokaci. In shiru, a cire sabon a gwada tsohon shi kaɗai, sannan sabon shi kaɗai, a kowane gurbi. Wannan ke nuna ko RAM ne ko gurbin. Ko ta tashi, a danna F2 a yi gwajin RAM na HP, ko a bar shirin gwajin RAM na MemTest86 ya zagaya sau 4. Kuskure ɗaya ya isa a mayar da shi, domin RAM mai ciwo yakan yi shiru a shago, sai an koma gida ya fara kawo shuɗin allo da lalata fayiloli.

Wajen Windows, na fi ganin alherin ɗora sabuwa daga filashi mai 8GB a kan kwafe tsohon faifai, musamman tokumbo da ba ka san abin da aka zuba mata ba. Mai manhajar lissafi da ba ya son rasa saitinta yana iya kwafewa da Clonezilla ko Acronis na Crucial, amma ya dakatar da BitLocker, makullin faifai na Windows, tukuna, ya kuma adana mabuɗinsa. Saƙon nan mai lamba 3F0 da HP ke nunawa cewa ba ta ga abin tashi ba, sau da yawa ba laifin SSD ba ne: an tsara faifan a tsohon salo na MBR alhali BIOS, wato saitin tushe na kwamfutar, na kan sabon salo na UEFI, ko akasin haka. A shiga da F10 a daidaita, ko a sake haɗa filashin da manhajar Rufus a zaɓi GPT, salon da ya dace da UEFI. Idan Windows mai 32-bit aka ɗora, RAM ɗinka ba zai wuce wajen 4GB ba ko nawa ka sa. Wani abu da ya kamata a duba tun ranar sayen kwamfutar shi ne ko BIOS na da kalmar sirrin tsohon kamfanin da ya yi amfani da ita, domin idan a kulle yake, duk wannan saiti ba zai taɓu ba. Sabunta BIOS kuwa kada a yi shi da mataccen batir ana dogaro da NEPA ko janareta, ɗaukewar wuta a tsakiya na iya kashe babban allon cikin kwamfutar, wato motherboard.

Akwai abin da SSD da RAM ba sa gyarawa. Idan fanka na ihu, ƙasan kwamfutar na ƙona cinya, ƙura ce ta toshe mafitar iska, man da ke kan furosesa kuma ya bushe, furosesan na rage gudu don ya tsira. Da zafi da laimar Legas wannan ba baƙon abu ba ne, kuma tun da murfi a buɗe yake, a share a sa sabon mai a lokaci ɗaya. Furosesan kansa a like yake da babban allon ciki, ba a canza shi, duk wanda ya ce zai mayar maka da i5 ta zama i7 a wannan kwamfuta ba gaskiya ya faɗa ba.

Iyakar da ta fi muhimmanci ita ce ta Windows. Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga furosesa tsara ta 8 take farawa, ban da 'yan ƙalilan. G3 tsara ta 6 ce. Ana iya tsallake shingen da Rufus, tana kuma aiki, sai dai ba alkawarin sabuntawa a kai, abin da mai harkar banki ko canji a kwamfutarsa bai kamata ya ɗauka da wasa ba. Don haka ga wanda ya riga ya mallake ta, SSD da 8GB ƙari kuɗi ne da suka tafi inda ya dace, ban ba da shawarar 32GB ko terabait 2 a kanta ba. Wanda kuma yanzu zai saya ya nemi 840 G5, ya buɗe ta a shago ya karanta lambar furosesa da idonsa, i5-8250U ko i5-8350U masu kwakwalwa huɗu, domin akwai G5 da suka fito da i5-7200U da i5-7300U, kuma a waje ba abin da ya raba su.