Teburin aikin da kafinta ya yi mini da ɗanyen katako

Masu neman kafinta saboda teburin aiki a gida, ga abin da na gani. Ba zan kama suna ba, 'yan unguwarmu sun san shagon da nake nufi.

Tebur na ce a yi mini, ƙafa 4 tsawo, ƙafa 2 faɗi, tsayinsa inci 30, da durowa ɗaya da ramin wucewar waya. Na ce ban son MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam a matse, domin kofin ruwan sanyi ya kwana a kai sai ka ga wurin ya kumbura. Muka tsaya a kan katakon afara. Kuɗin da ya yanka mini ya fi na teburan da ake jerawa a bakin titi nesa ba kusa ba, na biya ban ja ba. A ƙarshen damina aka kawo shi, banish yana ta ƙyalli, har maƙwabcina ya nemi lambar mutumin.

Hunturu na shigowa asiri ya tonu. Falanki uku ya haɗa ya yi saman, kuma ɗanyen katako ne. Da iska ta bushe sai kowane ya tsuke, tsakaninsu ya buɗe har katin ATM yana shigewa a tsaye. Saman kawai ya shafa wa banish, ƙasan ya bar shi haka nan, saboda haka ƙasan ya riga saman bushewa, tsakiyar teburin ta yi tozo kamar bayan sa. Ka ɗora kwamfuta, kana danna madannai tana rawa. Ga shi ya bi saman da ƙusoshi ya kafe shi a jikin firam, katakon bai samu wurin motsi ba, sai ya tsage daga gefe ɗaya. Da dare na ji ƙarar, na ɗauka wani abu ne ya faɗo a kicin.

Abin da ya fi ƙona mini rai amsar da ya ba ni. Wai, "Alhaji, ai hunturu ne, damina ta dawo zai koma daidai." Wato in jira wata shida ina aiki a kan cinya? Mutumin da ya yi shekaru yana sana'a a Kano ya san katakon da ake kawowa daga kudu da danshinsa yake zuwa, sai an jera shi a inuwa ya sha iska kafin a taɓa shi. Sani ya yi, sauri yake ya karɓi cikon kuɗinsa.

Amma gaskiya a faɗe ta, yaron shagonsa da ya turo ya ba ni mamaki. Ya zare ƙusoshin ba tare da ya fasa katakon ba, ya tafi da saman, ya fere gefunan suka daidaita, ya sa gam ya matse su suka kwana. Da ya dawo da sukuru ya ɗaure shi daga ƙasa, ya ɗan tsawaita ramukan domin katakon ya riƙa motsi ba tare da ya tsage ba, sannan ya shafa banish ciki da waje. Tun daga nan bai sake buɗewa ba. Firam ɗin kuma dama ba shi da laifi, ko firinta na aiki ba ya girgiza. Har na fara cewa a raina to, a yafe.

Sai ga maigidan ya aiko wai in ba da kuɗin gam da na adaidaita. Gyaran ɓarnar da shi ya yi! Durowar ma har yau tana cijewa, da kaina na goga mata kyandir a gefe kafin ta fara tafiya.

Kantar littattafan da na yi niyyar ba shi, Na'ibawa na je 'Yan Katako na sayi filawud mai kauri, aka yanka mini a can, na kafa a bango da ƙarafa biyu. In kun je shagon, ku nemi yaron, ku ce a nuna muku katakon kafin a sa masa zarto.