Gargaɗi ga masu tara tsofaffin gidajen 'yan tsana: an damfare ni

Jama'a, duk mai sayen tsofaffin gidajen 'yan tsana na katako ta intanet ya tsaya ya karanta wannan. Akwai wani mutum da ke tallata gida mai shuɗin rufi da sunan aikin Moritz Gottschalk ne, wani tsohon kamfanin ƙera gidajen 'yan tsana. Ƙarya yake yi, ɗan damfara ne, kuma har yanzu tallarsa na yawo.

Sau huɗu na tura masa kuɗi. Rabin kuɗin gida kafin alƙalami, sauran rabin, kuɗin aiko da kaya, sai kuɗin inshora. Sau huɗu! Kuɗin da na daɗe ina tarawa, ina hana kaina abubuwa, domin duk wanda ke wannan harka ya san ba kullum ake samun mai shuɗin rufi ba. A garin Marienberg na Jamus aka yi su, daga wajen 1880 zuwa 1910, kafin kamfanin ya koma yin masu jan rufi. Katako ne mara nauyi, an lulluɓe shi da takarda mai zanen bulo da tagogi da aka buga da tsohuwar ɗab'in dutse, kuma galibi akwai lambar samfuri a ƙarƙashin gindin gidan.

Wannan lambar ce ta kama ni. Ni na tambaye shi, ba shi ya fara kawo zancen ba. Na ce ya juya gidan ya nuna min ƙasansa. Bai yi gardama ba, ya turo bidiyo. Ga hannu ya kifa gidan a hankali, ga yatsa a kan lambar da aka rubuta da fensir, ga muryarsa a natse yana cewa, “'Yar uwa, kin gani da idonki, ni ba na wasa da haƙƙin mutane.” Na kalli bidiyon nan har na haddace shi. Jiya ma da dare na sake kallo. Yatsan nan a kan lambar, da “kin gani da idonki”. A nan na yarda da shi, a nan na tura rabin farko.

Kada kowa ya zo ya ce min ai da na yi bincike. Na yi. Ba jiya na fara wannan abu ba. Na gyara gidajen Tri-ang na Ingila masu tagogin ƙarfe, na gyara na Lundby na Suwidin har da wayoyin fitilunsu, na san ƙamshin tsohon katako, na san yadda tsohon gam na fata ke bushewa ya yi ruwan ƙasa ya tsattsage. Na tambayi hinji, na tambayi bayan gida, na tambayi inda takarda ta ɗago a gefen baranda. Duk ya amsa, amsar wanda ya san kaya. Har shi ya nuna min wata matakala da ta karye, ya ce gara in sani tun yanzu. Wa zai zargi mai nuna maka aibin kayansa da kansa?

Da kwalin ya iso, tun daga ɗagawa gabana ya faɗi. Nauyi ya yi yawa. Na buɗe, warin sabon fenti ya buge ni. Ba katako ba ne ma na gaske, allon garin itace ne da aka matse, wanda kafintoci ke kira MDF, abin da ba a fara yinsa don kasuwa ba sai a shekarun 1960. Ga zaren gam na zamani, irin wanda ake narkawa da na'ura mai kamar bindiga, yana lilo a kusurwoyi. Sukurorin hinji masu kan gicciye ne, irin na Phillips, waɗanda sai a shekarun 1930 suka fito, a jikin gidan da aka ce ya girmi 1910! Takardar bango kuwa firinta ce ta buga ta, na ɗiga ruwa kaɗan a gefe tawada ta bi yatsana. An shafa mata wani abu ruwan ƙasa don ta yi kamar ta tsufa. Har ramukan tsutsar katako ya ƙirƙira, duk girmansu ɗaya, a miƙe sambal, da abin huji aka yi su. Kuma ga lambar nan a ƙasa, da fensir, an kwaikwaye ta.

Na tsallake wani abu. Kafin kwalin ya zo, kai, kafin ma in tura rabi na biyu, na ce mu yi kiran bidiyo kai tsaye. Ya ce layinsa ba shi da ƙarfi, amma zai sake ɗauko min wani bidiyon. Ya turo, gidan dai shi ne, kyakkyawa. Ko bayan rabi na biyun ne? Zancen inshora dai daga baya ya zo, wannan na tabbata, bayan ya ce ya riga ya kai kaya wurin masu aikawa sun ƙi karɓa sai an biya saboda tsohon abu ne mai saurin karyewa. Magana ce mai ma'ana, kowa ya san ana yi wa kayan tarihi inshora. Na tura. Rabi, rabi, kuɗin aikawa, inshora. Inshorar allon MDF.

Daga baya na sa hotunan a manhajar neman hoto, sai ga su a wata tsohuwar tallar gwanjo. Gidan gaske ne, na wani ne, an daɗe da sayar da shi. Bidiyon ma ba nasa ba ne, muryarsa kawai ya ɗora a kai. Shi ya sa ban taɓa ganin fuska ba, sai hannu.

Abin da ya fi ci min rai, na riga na share wa gidan wuri. Na tanadi kullun sitacin alkama da siririyar takardar Japan don in manne inda ya ɗago ba tare da na ɓata zanen asali ba. Na faɗa wa yayata, na nuna wa abokan harka hotuna, suna taya ni murna. Yanzu kowa na tambaya ya gida, ni kuma kunya ta hana ni buɗe baki. Allah ya isa tsakanina da shi.

Na rubuta masa, ya ce wai masu aikawa ne suka musanya kaya, in ba shi lokaci. Washegari ya toshe ni, ya canza suna da hoto, tallar kuma tana nan da hotunan nan dai. Na kai ƙara inda ya kamata. Duk hirarmu tana hannuna, da rasit huɗu, da bidiyon, da hoton abin da ya iso kusa da wanda ya tallata. Zan saka su da zarar na rufe bayanan asusuna da ke jiki.

Ku sa mai kaya ya ɗauki hoto da takarda mai sunanku da kwanan wata a jikin gidan. Ba kiran bidiyo kai tsaye, ba ciniki. Ku biya ta hanyar da ake iya dawo da kuɗi. Wanda kuma ya taɓa tura wa mutumin nan ko sisi ya neme ni, mu haɗa shaidunmu wuri guda.