Soothe2 da Tsinin Sautin Sintisaiza: Abin da Na Gani Bayan Na Yi Aiki da Ita

Duk mai haɗa sauti a situdiyo ya san irin muryar sintisaiza (na'urar ƙirƙirar sauti ta lantarki) da ke jan kiɗa, wadda take da daɗi idan aka saurare ta ita kaɗai, amma da zarar ta hau wasu sautuka na sama sai ta riƙa sukar kunne kamar an busa algaita a cikin ƙaramin ɗaki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kunnen ɗan Adam ya fi jin sautin da mitarsa (saurin kaɗawarsa, wanda ake aunawa da kHz) ke tsakanin 2 kHz da 5 kHz, kuma a nan ne matatar sintisaiza, wato sashen da ke tace sautinta, take yawan tara ƙarfi. Wayoyi da ƙananan lasifiku, waɗanda da su ne mafi yawan mutanenmu ke sauraren waƙa, ba sa fitar da sautin ƙasa sosai, don haka wannan tsinin ne yake fitowa fili.

Saboda wannan matsala na sayi Soothe2, manhajar kamfanin oeksound na birnin Helsinki a ƙasar Finland, wadda ta fito a 2020. Kafin nan ikwalaiza, wato abin ƙara ko rage ƙarfin wata mita, nake sawa in datse mitar da ke damuna, sai dai tsinin ba ya zama wuri ɗaya: yana tafiya tare da yatsun mai buga fiyano, ta yadda datsewar da ta gyara sauti ɗaya takan kashe armashin na kusa da shi. Soothe2 kuwa bin tsinin take yi duk inda ya koma, ta danne shi lokacin da ya taso, ta saki idan ya lafa, kuma a wannan aiki ban taɓa amfani da abin da ya kai ta sauƙi ba.

Akwai abin da ke rikita sabon shiga. Zanen da ke fuskarta ya yi kama da na ikwalaiza, amma ɗaga shi sama ba ƙara sauti yake yi ba, gaya wa manhajar ake yi ta tsananta sa ido a wurin. Maɓallin Depth shi ke ƙayyade zurfin dannewa, Sharpness faɗin kowane yanka, Selectivity kuma yawan wuraren da za ta taɓa. Wanda na fi dogara da shi shi ne Delta, domin yana jiyar da kai abin da ake cirewa kaɗai. Idan na kunna shi na ji shewa da ƙara kawai, na san ina kan hanya. Idan kuwa na fara gane karin waƙar a ciki, to na wuce gona da iri. Na koyi wannan ne bayan na dusashe wani kiɗa da hannuna, har ya koma kamar an lulluɓe lasifika da bargo, kuma laifin nawa ne, don na murɗa Depth fiye da kima.

Farashinta ya kai kimanin dala 200, kuɗi mai nauyi ga ƙaramin situdiyo, tana kuma buƙatar rajistar iLok, wato tsarin tabbatar da lasisin manhaja, ko da yake ana iya gwada ta kyauta na kwana 20. Tana cin ƙarfin kwamfuta idan aka ɗaga ingancinta, tana kuma kawo ɗan jinkiri, shi ya sa nake kashe ta lokacin ɗaukar kiɗa. Wanda aljihunsa bai kai ba zai iya yin rabin aikin da manhajar ikwalaiza ta TDR Nova, wadda kyauta ce, muddin ya yarda zai nemo mitocin da kunnensa.

Shawarata ga mai son saye ita ce ya fara komawa cikin sintisaizar ya rage tsinin matatar da yawan muryoyin da aka jera, domin sau da yawa a nan gyaran yake ƙarewa. Abin da ya saura bayan haka shi nake miƙa wa Soothe2, sannan in saurari sakamakon a lasifikar waya kafin in sallami aikin.