Sharhi: Zangon da jirginmu ya yi a Ny-Ålesund

Mun tashi daga Longyearbyen a wani ƙaramin jirgin ruwa na yawon buɗe ido, muka bi gaɓar yammacin tsibirin Spitsbergen da ke cikin tarin tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, a tsakiyar bazararsu. Cikin wuraren da muka yada zango, Ny-Ålesund ne ya fi shiga raina, kuma shi aka fi tauye wa haƙƙi a tsarin tafiyar.

Kiransa gari ma kara ce. Gidajen katako ne 'yan kaɗan masu launi a bakin mashigin Kongsfjorden, daura da tsaunukan ƙanƙara. Da hunturu mazaunansa ba su kai hamsin ba, masana kimiyya ne da masu yi musu hidima. Indiya na da tasharta mai suna Himadri, ta Sin kuwa ga zakuna biyu na dutse a ƙofarta.

Tun kafin mu sauka jagora ya ja mana kunne: kowa ya kashe Wi-Fi da Bluetooth, domin suna dagula wa na'urorin binciken aiki, kuma kada a sauka daga kan hanya saboda tsuntsaye na kwanci a ƙasa. Wanda duk ya matsa kusa da sheƙa ya sha sara a ka.

Jagororin sun ci kuɗinsu, wannan kam na shaida. Wata daga cikinsu ta rataya bindiga, saboda farin beyar da ke yawo a yankin, ta kai mu gindin dogon ƙarfen da aka ɗaure jirgin balan-balan Norge a 1926. Daga nan matafiya masu bincike Roald Amundsen da Umberto Nobile suka tashi, suka ƙetare ƙuryar arewacin duniya har Alaska. Labarin da ya fi taɓa ni kuwa na ma'adinai ne. Kwal ne ya kafa garin, kuma a Nuwamban 1962 rami ya fashe, mutum 21 suka rasu. Zancen ya yi zafi har gwamnatin firaministan Norwe Einar Gerhardsen ta faɗi a 1963, aka rufe haƙar. Tsohon kan jirgin ƙasan da ke jan kwal yana nan kusa da tashar jiragen ruwa. Na tsaya a gabansa ina tunanin iyalan da suka zauna nan cikin duhun da ke ɗaukar watanni.

To a daidai nan aka fara kiran a koma jirgi. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai. Rabin lokacin ya tafi a layin kanti da aika kati, ɗan gidan tarihin kuwa leƙe kawai muka yi. Mutum ya kashe maƙudan kuɗi ya zo ƙarshen duniya, bai kamata a yi masa rowar sa'o'i a wuri irin wannan ba.

Abinci ba laifi, kifi ya wadata. Rana ba ta faɗuwa ko da tsakar dare, don haka ka nemi fatawar malaminka kan lokutan salla tun kana gida. Svalbard ba ta neman biza, amma ta cikin ainihin ƙasar Norwe za ka bi zuwa da dawowa, sai ka nemi bizar Turai ta Schengen mai shiga sau biyu. Kafin ka biya ko sisi, ka sa kamfanin ya rubuta maka sa'o'in da za a yi a Ny-Ålesund.